Mai Mura Da Haƙƙin Mutanen Gidansa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da maganinta, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karanta wannan fili, maganarmu ta wannan mako ta taso ne daga wata tambaya da aka yi mini a garin Wara, hedkwatar ƙaramar hukumar Ngaski, can bakin tafkin Kainji, ranar da na je yi wa wani bawan Allah ta'aziyyar mahaifiyarsa. Tambaya ce wadda ban iya amsa ta nan take ba, saboda haka na ga ya kamata in kawo ta nan mu duba tare.

Shi wannan mutum fataucin bandar kifi yake yi. Ana tsakiyar hunturu ya komo daga kasuwar Yelwa da zazzaɓi da ciwon jiki da tari mai tsanani. Ƙanensa, wanda ma'aikacin kiwon lafiya ne, ya dube shi ya ce, "Yaya, wannan ba ƙaramar mura ba ce. Don Allah ka bari a yi maka shimfiɗa a zaure kwana uku ko huɗu, kada ka shiga wurin Inna, kada kuma a kawo maka yara." Sai wan ya fusata, ya ce shi ba kuturu ba ne da za a ware shi a cikin gidansa, kuma tun da ya yi wayo bai taɓa wayar gari bai durƙusa ya gai da tsohuwarsa ba. Haka kuwa aka yi, da safe ya shiga, da dare ya shiga, har ya zauna suna jin ɗumi tare. Bayan kwana uku mura ta kwantar da matarsa mai ciki da yara biyu da ita tsohuwar. Sauran duk suka tashi, ita kuwa abin ya gangara mata ƙirji, aka kai ta asibiti aka ce limoniya ce, kwana shida Allah Ya yi mata cikawa. Da masu gaisuwa suka ragu sai ya jawo ni gefe ya ce, "Allah gafarta Malam, ka gaya mini tsakaninka da Allah, ni na kashe Inna?"

Ba a yanke hukunci a kan abin da ba a san yadda yake ba, don haka bari mu fara da ita cutar. Bahaushe yana kiran abubuwa biyu da suna ɗaya. Akwai mura ta yau da gobe, wadda hanci kan toshe, majina ta zubo, mutum ya yi ta atishawa amma yana harkokinsa. Akwai kuma wadda likitoci ke kira infuluwenza, wadda kan faɗo wa mutum farat ɗaya da zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi da busasshen tari, har ƙato ya kwanta ya kasa ɗaga kai. Ƙwayar da ke kawo ta, watau irin ƙananan ƙwayoyin nan da ake kira bairas, dabam take da masu kawo ƙaramar mura, kuma kafso ɗin da muke rugawa mu saya a kemis ba ya taɓa ta ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana halaka mutum 290,000 zuwa 650,000 kowace shekara ta hanyar ciwon numfashi. Kakanninmu kuwa sun san ta sani na haƙiƙa. A watan Satumba na 1918 jirgin ruwa ya sauke ta a Ikko, ta biyo hanyar jirgin ƙasa da kogin Kwara ta hauro Arewa, kafin ta lafa an ƙiyasta ta ci kimanin mutum 500,000 a Nijeriya, lokacin da jama'ar ƙasar duka wajen miliyan 18 ne. Ita ce Marisuwa, wadda tsofaffin da suka shuɗe kan ƙirga shekaru da ita. Wadda ke zagayowa yanzu ba ta kai waccan muni ba, amma har gobe takan zaɓi tsoho, da mai ciki, da yaron da bai kai shekara biyar ba, da mai asma ko ciwon suga ko ciwon zuciya ko sikila.

To, me ke sa wani mai mura ya fi wani yaɗa ta a cikin gida? Abu na farko shi ne lokaci. Idan ƙwayar ta shiga jikin mutum takan yi kwana ɗaya zuwa huɗu, galibi biyu, kafin ya ji alama, kuma tun ana gobe zai kwanta ya riga ya fara fitar da ita cikin numfashinsa. Kwanaki ukun farko na rashin lafiya su ne ganiyar abin, sa'an nan ta yi ta raguwa har zuwa kwana biyar ko bakwai. Ƙananan yara da masu raunin garkuwar jiki sukan daɗe fiye da haka suna fitar da ita. A lura da kyau, farasitamol yana saukar da zazzaɓi ne kawai, ba ya rage ƙwayar. Mutum ya haɗiyi biyu da asuba, ya yi gumi, ya ce ai na warke, ya ɗauki jariri yana yi masa wasa, alhali kuwa yana nan a kan ganiyarsa. Ma'aunin da likitoci ke bayarwa shi ne mutum ya yini ya kwana ba zazzaɓi ba tare da ya sha maganin saukar da shi ba.

A shekarun 2017 da 2018 waɗansu masu bincike a Afirka ta Kudu sun bi gidaje a karkarar Agincourt da garin Klerksdorp, suna ɗibar majinar kowa da kowa sau biyu a mako, mai lafiya da marar lafiya, don su ga yadda cutar ke tafiya daga wannan zuwa wancan. Suka tarar idan ta shiga gida, a jimlace, kashi 10 cikin 100 na sauran mutanen gidan sukan ɗauka. Amma idan wanda ya shigo da ita yana da alamomi biyu ko fiye, kamar zazzaɓi da tari, sai abin ya hau kashi 17. Idan kuma yaro ne ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu, kashi 16. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kusan rabin waɗanda aka samu da ƙwayar ba su ji komai ba a jikinsu, duk da haka su ma sun sa wa kashi 6 cikin 100 na waɗanda suke zaune tare. Ka ga ke nan masu yaɗa mura a gida iri uku ne: wanda bai san yana ɗauke da ita ba, da yaron da bai san komai ba balle wannan, da kuma babba mai hankali wanda jikinsa ya riga ya gaya masa. Mu riƙe wannan rabon, domin a kansa hukunci zai zauna.

Abu na biyu shi ne ɗaki, kuma a nan ne mutanen bakin ruwa suka fi kowa bukatar jan kunne. Binciken da aka yi a asibitocin Nijeriya a 2009 da 2010 ya nuna ana samun cutar duk shekara, amma ta fi yawa daga Nuwamba zuwa Maris, watau daidai lokacin hunturu, kuma gwaje-gwaje sun nuna ƙwayar ta fi daɗewa da saurin tsallakawa cikin iska mai sanyi marar laima. Duk wanda ya taɓa kwana a Wara ko Libata ko wani tungan masunta cikin Janairu ya san irin iskar da ke tasowa daga tafki da tsakar dare. Lokacin da aka gina madatsar ruwa ta Kainji tsakanin 1964 da 1968, an tayar da kimanin mutum 44,000 daga tsibirai da gaɓar kogi, Gungawa da Kambari da Lopawa da Shangawa da sauransu, aka mai da su gidajen bulo na siminti. Ɗakin jinka na da, kome ka toshe shi, yana numfashi ta cikin ciyawa. Ɗakin siminti kuwa, in ka ja ƙofa ka cusa tsumma a taga, iskar da kuka kwanta da ita da ita za ku tashi. Mai tari yana fesa manyan ɗigo masu faɗuwa kusa, kamar ƙafa shida daga gare shi, da kuma ƙanana waɗanda ido ba ya gani, masu tsayawa cikin iska su yi ta shawagi. Mutum shida a ɗaki ɗaya daga lisha zuwa asuba, abin da ɗaya ya fitar shi sauran biyar ke shaƙa. Ga kuma kaskon wuta a tsakar ɗaki, hayaƙi yana tayar da tari, tari yana ƙara fesawa. Ban da haka ma, gawayi a rufaffen ɗaki shi kansa yana kisa ba tare da wata mura ba.

Saura kuma ƙananan abubuwa ne da muka saba da su har ba mu ganinsu: moɗa ɗaya a bakin randa, kowa ya kafa baki ya mayar; ƙwarya ɗaya ta wanke hannu da ake zagayawa da ita daga babba zuwa ƙarami; haɓar zane wadda uwa ta share hancin wannan da ita ta share bakin wancan; fyace majina da yatsu sa'an nan a miƙa hannu a gaisa. Ƙwayar tana iya kwana a jikin ƙarfe ko roba tana jiran hannu. A Hong Kong a 2008 an gwada raba wa iyalai abin wanke hannu da takunkumin fuska, aka ga yaɗuwar ta ragu a gidajen da suka fara cikin awa 36 daga fara ciwon, watau kwana ɗaya da rabi, waɗanda suka makara kuwa ba a ga amfanin a fili ba. A Bankok ta ƙasar Tailan an yi irin wannan gwaji ba a ga wani bambanci ba, sai masu binciken suka lura kashi 90 cikin 100 na yaran da ke da cutar a ɗakin iyayensu suke kwana. Sabulu na da amfaninsa, amma ba ya wanke iskar ɗaki.

Na sani wani zai ce, Malam, duk wannan zancen likitoci ne, mu Musulmi mun san cuta ba ta kama kowa sai Allah Ya so. Lalle haka ne, kuma akwai hadisi ingantacce da ya kore cewa cuta tana yaɗuwa. Amma shi wannan Annabi da ya faɗi haka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su mashaya tare da masu lafiya, Buhari da Muslim suka ruwaito. Shi ne kuma da wakilan Saƙifa suka zo mubaya'a da wani mai kuturta a cikinsu, ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma, ba tare da sun haɗa hannu ba. Malamai irin su Imamu Nawawi sun daidaita hadisan da cewa abin da aka kore shi ne aƙidar Jahiliyya, cewa cuta tana tsallakawa da ikon kanta. Abin da aka tabbatar kuwa shi ne Allah Ya sanya cuɗanya ta zama sababi, kamar yadda Ya sanya wuta sababin ƙuna. Babu masuncin da zai cika kwale-kwale har ruwa ya kai baki sa'an nan ya ce nutsewa sai Allah Ya so, mu kira shi mai tawakkali. A lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya isa Sarga ya ji labari sai ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa masa da cewa inda za su ɗin ma ƙaddarar Allah ce. Annobar ta ɗauki Abu Ubaida, ta ɗauki Mu'azu ɗan Jabal, da ragama ta komo hannun Amru ɗan Asi sai ya kwatanta ta da gobara, ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, Allah kuwa Ya kawo sauƙi.

Hatta ƙananan ladubban suna nan cikin sunna, mu ne muka riƙe rabi muka saki rabi. Kowane yaro ya san in ya yi atishawa zai yi hamdala, amma yara nawa aka koya wa cewa Annabi in zai yi atishawa yakan rufe fuskarsa da hannu ko da tufa ya kuma sassauta murya, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Abu Huraira? An hana yin numfashi cikin mazubin abin sha. Sa'an nan ga wata hujja wadda mutanen ƙasar Yauri, masu noman albasa tun kaka da kakanni, za su fi kowa ganewa: an umarci wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa ya nisanci masallaci saboda kada ya cuci mutane da wari. In wari, wanda ba ya kwantar da kowa, ya isa a dakatar da mutum daga sahu, yaya abin da zai iya kai tsohuwa kabari? Wanda kuma yake tsoron asarar lada ya kwantar da hankalinsa, domin Buhari ya ruwaito daga Abu Musa cewa ana rubuta wa marar lafiya ladan abin da ya saba yi yana da lafiya.

Duk wannan mai sauƙi ne. Inda maganar take da wuya shi ne, abubuwan da ke yaɗa mura a gidajenmu yawancinsu ba miyagun halaye ba ne, kyawawa ne aka ajiye su ba a muhallinsu ba. Abokin nan nawa ba ƙeta ta kai shi ɗakin mahaifiyarsa ba, biyayya ce. Wanda ya toshe taga tausayin yara ya sa shi. Namijin da ke ɓoye zazzaɓinsa kwana biyu, juriya yake yi, don an rene mu a kan cewa namiji ba ya kwanciya don mura, ga shi kuwa waɗannan kwana biyun su ne mafi haɗari. Matar da ke tuƙa tuwo tana rawar ɗari ba ta ce kome ba, kunya ce da gudun a ce ta cika raki. Maƙwabta da suka cika ɗakin marar lafiya suna "sannu, yaya jiki", haƙƙin Musulunci suka zo saukewa, domin gai da marar lafiya yana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa. Shi ya sa in ka ce wa mutum ya ja da baya sai ya ji kamar ka ce ya bar halin kirki. Ni kuwa abin da nake gani shi ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan halaye an yi shi ne don amfanin wani, ba don mai yin sa ya ji daɗin kansa ba. Gaisuwar uwa haƙƙin uwa ne. Ranar da gaisuwar ta zama abin da zai cuce ta, wanda ya nace sai ya shiga, sai ya binciki zuciyarsa ya ga ko haƙƙinta yake karewa ko sunansa na ɗa mai biyayya. Malamai da daɗewa sun so mai gai da marar lafiya ya taƙaita zama, kuma babu inda aka ce addu'a ba ta karɓuwa daga bakin ƙofa.

Akwai kuma mas'alar rabon kwana, wadda maza da yawa ba su taɓa tunaninta ta wannan fuska ba. Mai mata uku da ya kamu da mura, in ya bi rabon kwana yadda aka saba, cikin mako guda ya raba ta ɗaki uku, kowace mata kuma ta raba wa 'ya'yanta. A mazhabarmu ta Malikiyya rabon kwana ba ya faɗuwa daga kan miji don kawai ba shi da lafiya, sai in ya kasa. Amma haƙƙin na matan ne, kuma mai haƙƙi yana iya yafewa. Annabi kansa, a ciwonsa na ƙarshe, ya nemi izinin matansa a yi jinyarsa a ɗakin Nana A'isha, suka yarje masa. To, mene ne wahala maigida ya tara iyalinsa ya ce, ga halin da nake ciki, ina neman ku yafe mini kwana huɗu in zauna ni kaɗai, in na tashi a ci gaba daga inda aka tsaya? Sai dai fa a yi shi da gaskiya. Kada mura ta zama dabarar tarewa a ɗakin amarya.

A nan ne nake ganin nauyin ya fi karkata kan maigida, ba don shi ya fi kowa fitar da ƙwayar ba, sai don shi ya fi kowa iko. Shi ke da turaka, shi ke da zaure, shi ne in ya ce a buɗe taga za a buɗe, shi ne in ya ce wance ta huta da girki ba mai musa masa. Shari'a kuwa tana ɗora nauyi gwargwadon sani da iko. Wanda ya sa wa wani alhali shi kansa bai ji alama ba, babu kome a kansa, domin ba a kallafa wa mutum sanin gaibu ba. Yaro ɗan shekara uku, wanda bincike ya nuna yana cikin mafiya yaɗawa, an ɗauke masa alƙalami, kuma ba mai hankalin da zai ce a kulle shi shi kaɗai. Dole wani ya rungume shi, ya share masa hanci, ya kwana da shi, wannan wanin kuwa uwarsa ce. Ita ta ɗauki kasadar da idonta biyu, ladanta yana wurin Allah. Mai shayarwa ma ba a ce ta yaye ba, likitoci cewa suka yi ta ci gaba da ba da nono, ta wanke hannu, ta rufe hanci da baki in ita ce ke da murar. Abin da ya rage wa sauran mutanen gida shi ne su taƙaita kasadar a kan mutum ɗaya: mai jinya guda, ba mai ciki ba, ba tsohuwa ba. Mu kuwa al'adarmu akasin haka take, yaro na fara zazzaɓi sai a ce a kai shi ɗakin kaka, ita ta san kan yara.

Ban manta da talaka mai ɗaki ɗaya ba, kuma ba zan zauna nan in ba shi shawarar masu gidan sama ba. Allah ba Ya kallafa wa rai abin da ba ta iyawa. Amma ko a ɗaki ɗaya akwai abin yi. A mai da shimfiɗar marar lafiya kusa da taga, a bar tagar a ɗan buɗe a ƙara masa bargo maimakon a toshe ta. Kada a kwanta fuska da fuska. Da hantsi ya fito tsakar gida ya sha rana a bar ɗakin ya sha iska. A ware masa moɗarsa da kwanonsa da butarsa, a sa masa tsumma nasa na tari wanda za a wanke da sabulu. In akwai tsoho ko mai ciki, su ne za a nema wa wurin kwana a maƙwabta tun ranar farko, ba a bari sai sun fara tari ba. Kuma tun da yake a ƙasarmu zazzaɓi ya fi zama na cizon sauro, a je a gwada jini kada a yi ta cewa mura ce. Yaron da numfashinsa ke sauri, ko haƙarƙarinsa ke lotsawa in ya ja iska, ko ya kasa shan nono, da tsohon da ya fara haki ko ruɗewa, waɗannan ba a kwana da su a gida.

Yanzu sai mu koma ga mai tambaya. Na gaya masa ajalin mahaifiyarsa rubutacce ne, ba zai gabata ba ba zai jinkirta ba. Na gaya masa kuma, ko da yake a lokacin korona ta 2020 waɗansu malamai sun yi maganar ɗora diyya a kan wanda sakacinsa ya jawo mutuwar wani, sun gindaya sharaɗin a tabbatar shi ne sanadi, a nan kuwa babu mai iya tabbatarwa. Yaransa suna zuwa makarantar allo da ta boko, suna kuma yini a ɗakin kakarsu, mata suna shiga gaishe ta, garin duka ana mura. Mai yiwuwa ne tun kafin ya komo daga Yelwa wani ya riga ya kai mata. Ba a ɗora wa Musulmi jini a kan zato, saboda haka ban ga kisa a kansa ba, ban ga kaffara ba.

Amma ban ce masa ba kome ba, domin da na faɗi haka da na yi masa ƙarya, shi kuma da ya gane. Na ce masa, "Alhaji, abin da ke kanka ba mutuwarta ba ne. Abin da ke kanka shi ne an gaya maka gaskiya a kan lokaci, wanda ya sani ya gaya maka, ka ƙi ji don ƙanenka ne ya faɗa. Wannan ko da Inna ta tashi, yana nan a kanka." Mutum biyu za su iya yin sakaci iri ɗaya, ɗaya Allah Ya rufa masa asiri kowa ya warke, ɗaya kuma a yi rashi. Mu mutane sai mu zargi na biyu mu manta da na farko, alhali aikinsu ɗaya ne. Mu nawa ne a cikin masu karanta wannan fili muka shiga ɗakin tsofaffinmu muna tari a hunturun bara, Allah Ya tsare, muka wuce ko istigfari ba mu yi ba? Na ce ya nemi gafarar Allah, ya yawaita yi mata addu'a da sadaka, ya sada zumuncin 'yan'uwanta da ƙawayenta, sa'an nan ya je ya sami ƙanensa ya ba shi haƙuri, domin tun ranar jana'iza na lura ba sa haɗa ido.

Ya daɗe yana kallon ƙasa, yana jan casbaha. Can sai ya ɗago ya ce, "To Malam, da na tsaya daga bakin ƙofa na ce Inna kin tashi lafiya, ta amsa daga ciki, ashe na gaishe ta ke nan?" Na ce, "Ka gaishe ta." Bai sake cewa kome ba har aka kira la'asar, muka tashi muka yi alwala. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.